Ina Ake Kai Tsohuwar Iskar Firij?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne a Kano. Idan za mu canza kwamfuresa, bututu muke yankewa gas ɗin ya tsiyaye. Na ji an ce yana da illa, har wasu ƙasashe na lalata shi da wani abu wai shi filazma. Mene ne shi? Kuma me ya hana a cinna masa wuta kawai a huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, don ta shafi lafiyarka. Don Allah kada ka bar harshen wuta ya taɓa gas ɗin sanyaya mai lamba R-12 ko R-22. Ba sa ci kamar gas ɗin girki, rikiɗewa suke yi su zama hayaƙi mai guba, har da fosjin, wanda aka halaka sojoji da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi kuwa R-600a na sababbin firij, kamawa yake yi nan take.

Taurin kan da ya sa waɗannan iskoki suka dace da firij shi ne ya zama matsala. Sinadarin fulorin ya riƙe kabon ƙam a cikinsu, ƙaramar wuta ba ta gama raba su. R-12 kan yi kusan shekara 100 a sama, kulorin ɗinsa na cinye rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Dalilin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ke nan, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don daina amfani da iskokin da ke lalata ozon. R-134a da ya gaje shi ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa na ɗumama duniya kamar kilo 1,400 na hayaƙin kabon, shi ya sa aka sake zama a Kigali a 2016 don rage irinsa.

Filazma kuwa ka sha ganinta: ita ce farin hasken nan da ke tashi tsakanin sandar mai walda da ƙarfe. Iska ce da lantarki ya zafafa har ƙwayoyinta suka wargaje. A Ostireliya, cibiyar bincike ta CSIRO ta taimaka aka ƙera na'urar PLASCON, inda ake ratsa iskar agon da lantarki har zafi ya haura digiri 10,000, sannan a fesa gas ɗin firij a ciki. Kafin ƙiftawar ido ya tarwatse. Abin da ya fito, asid ne mai cin fata, sai a sanyaya shi da gaggawa da ruwan soda irin ta masu sabulu, ya koma ruwan gishiri. Gaggawar na da muhimmanci, domin in ya huce a hankali wasu gubobin kan haɗu. Ƙa'idar Montreal ita ce a lalata kashi 99.99 cikin 100.

Sai dai na'urar na shan wuta sosai, ga tsada. Abin da ya fi damuna shi ne, duk ƙarfinta ba ta iya kamo gas ɗin da ya riga ya bi iska daga shagonka. Aikin daga hannunka yake farawa. Akwai injin zuƙe gas zuwa tukunya kafin a yanke bututu, kuma in mai tsabta ne ana tace shi a sake ɗurawa, ka ga kuɗinka ya dawo. In ya yi maka tsada, ku haɗa kuɗi a ƙungiyarku ku saya. Kowace iska da tukunyarta, ka rubuta lambarta a jiki, domin wadda aka gauraya da wuya ta tacu.