Jarumin da ba a san asalinsa ba: amsa ga ƙanwarmu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai da na samu caji da natsuwa, don ba maganar da za a amsa a tsaitsaye ba ce. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: tana rubuta labarin wani saurayi da ya diro daga babbar mota a kasuwar Gadarif, nan ƙasar Sudan, ba wanda ya san inda ya fito, shi ma bai faɗa. Ta kai babi na tara, ita kanta ba ta yanke ko shi wane ne ba. Tana tambaya ko ta ci gaba a haka har dabara ta zo mata, ko kuwa ta ce hatsari ya yi ya manta komai.

Ki dakata da babi na goma tukuna. Ki samu wani littafin rubutu daban, wanda ba mai ganinsa sai ke, ki rubuta yaron nan tun daga ranar suna. Wa ya raɗa masa suna, a wane gari, uwarsa tana raye ko ta rasu, wa ya fara dukansa, me ya aikata ko me aka yi masa har ya baro gida. Mai karatu yana iya zama cikin duhu har shafin ƙarshe, ya ma ji daɗin duhun, amma ke mai alƙalami ba ki da wannan hurumin. Ramin da kike bakinsa na taɓa faɗawa cikinsa har wuya, shi ya sa nake ɗaga miki murya.

A 2016 na fara sakin wani labari a WhatsApp, shafi ɗaya kullum bayan isha'i. Yarinya ce aka tsinta tana 'yar shekara uku a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar. Ban san ko 'yar wace ce ba, na ce in an je can a gani. Don in ja ran mutane, a babi na uku na yi mata bille a kumatun hagu, a babi na bakwai na ce ba ta iya kallon kogi sai jikinta ya ɗauki rawa. Da na kai babi na talatin masu karatu suka taso ni da tambaya, sai na rufe ido na ce ai 'yar wani attajirin Balarabe ce a Jidda, sace ta aka yi. Ba a yi minti goma ba wata baiwar Allah ta rubuto: "Anti, Balaraben Jiddan ne ya kira wanzami ya yi mata billen?" Wata ta ɗora da cewa to kogin fa, me ya yi mata? Ban da amsa, don ni ma ado kawai na yi da su. Labarin a nan ya mutu, ko da yake na ja gawarsa har babi arba'in.

Abin kunyar shi ne, na tashi ina ganin irin wannan mutum da idona, ban ɗauki darasi ba. A hillarmu, wato ƙauyenmu, can bayan Madani, akwai wani tsoho mai saƙar angarib, gadon nan na igiya. Da sana'arsa kawai ake kiransa. Jallabiya da rawani irin na kowa, Larabci tsantsa a bakinsa, ba mata ba ɗa. Wasu su ce mutumin Darfur ne, wasu su ce daga Chadi ya shigo. Kakata ita kaɗai take cewa namu ne, wai ta gane daga yadda yake tuɓe takalmi ya rage tsawo in zai gai da liman. Muna yi mata dariya. Ran nan wani yaro ya zame ya faɗa tur'ar da ke kai ruwa gonakin auduga, tsohon yana zaune a gindin dogonyaro da igiya a hannu. Sai muka ji murya kamar ba tasa ba: "Ku taho! Yaron ga ya hwaɗa ruwa!" Sakkwatanci gangariya. Aka tsamo yaro, kowa ya watse, shi kuma ya koma kan igiyarsa bai ɗaga kai ya kalli kowa ba.

Kakata ba ta tambaye shi komai ba. Da yamma ta dama fura ta ba ni in kai masa. Washegari ya dawo da kwanon a wanke, ya ajiye a bakin ƙofa. Daga ranar in ta wuce ta ce masa "ina wuni", shi kuma ya amsa mata da Larabci, haka suka yi shekara da shekaru har ya rasu. Da aka ɗaga angarib ɗinsa aka samu wani ɗan akwatin kwano. A ciki akwai wasu warƙoƙin Alƙur'ani rubutun hannu, da kwabo mai huji a tsakiya irin na zamanin Turawa, da ɗan awarwaro wanda ba zai shiga hannun kowa ba sai na yarinya ƙarama. Shi ke nan. Yau shekara kusan talatin, awarwaron nan bai bar raina ba.

Kin ga bambancinsa da yarinyar labarina? Shi ya san ko shi wane ne, shi ya sa duk abin da ya suɓuce masa yake da nauyi, kuma duk suna nuna hanya guda. Nawa billen da nawa kogin kuwa ba inda suka dosa.

Saboda haka in kin gama rubuta tarihinsa a ɓoye, ki zauna ki tambayi kanki ta ina zai yoyo. Baki ne kan fara cin amanar mai ɓoyo, musamman a firgici, ko zazzaɓi, ko lissafin kuɗi, don mutum da harshen uwarsa yake ƙirga. Wanda ya ce "mi" da "wanga" da "tahi" ya faɗi yankinsa ko bai so ba, Bakano zai ce "me" da "wannan" da "tafi". Hannu ma yana tonawa. Wanda ya yi tsangaya a ƙasar Hausa, in ya rubuta harafin fa, ɗigo a ƙasa zai sa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun Magariba, alhali ɗan makarantar nan fa ɗinsa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ki sa saurayinki ya rubuta wa mai shago takardar bashi, wani dattijo ya karɓa ya tsura wa ɗigon ido, ya ninke takardar bai ce uffan ba. Babi guda ke nan kin samu ba tare da kin faɗi komai ba. Fuska kuwa ki yi hattara da ita. Tsagen Gobirawa daga gefen baki yake bazuwa zuwa kunne, na Barebari a tsaye yake, Shaigiyya na nan ƙasar layi uku ne a kwance. Amma saurayin wannan zamani da wuya a same shi da tsage, sai dai in a baya kika kafa labarin. In kin sa, to kin ɗauki alkawari, sai kin cika.

Sai abin da nake ganin ya fi komai, wanda kuma marubutanmu suke tsallakewa: mutanenmu ba sa barin baƙo ya zauna ba asali. In bai faɗa ba, za a ƙera masa. Mai shayi zai ce ɓarawo ne ya tuba, matan unguwa su ce aljana ta aure shi, wani ya rantse ya taɓa ganinsa a Kasala da kakin soja. Ki bar su su yi ta faɗa, ki ba kowa nasa zaton, wani ma ya kusa dacewa. Sannan ga hukuma. A ƙasar nan duk ofishin da kika shiga suna huɗu ake nema, naki da na uba da na kaka da na uban kaka. Saurayinki ran da ya tsaya gaban tebur sai ya ƙirƙiro maza uku daga iska, kuma sai ya riƙe su a kai, don ranar da ya musanya kaka da uban kaka ramin ƙarya ya ƙure. Takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, kuma shaidu take so daga dangin uba. Wa zai tsaya masa? Wanda ya tsaya, me zai nema a madadi? Uwa uba aure. Ranar da ya ga yarinya yana so, iyayenta za su tashi bincike, a ce ya turo magabata. A nan labarinki yake, ƙanwata. Ba sai kin nemo 'yan fashi ko boka ba, kalmar "turo" kaɗai ta ishe shi rashin barci.

Kuma ba wai nesa za ki je neman dalilin da mutum zai rasa asali a nan ba, tarihinmu cike yake da su. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a, Fulani da Hausawa, suka yo gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Ban da su ga mahajjatan ƙafa, daga Kano zuwa Maiduguri, a ratsa Chadi ta Abeshe, a shigo ta Jinaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin inda ake tsallaka teku zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aikin audugar Jazira ya buɗe, da yawa suka tsaya tsintar auduga da niyyar shekara ɗaya, ga jikokinsu nan muna hira a waya. A irin wannan hanya uwa takan rasu a bar jariri hannun abokan tafiya, miji yakan yi gaba ya ce zai aiko, wani kuma da ma gudu ya yo daga bashi ko jini ko kunya, ya fake da aikin hajji. Na yanzu ma ba sai na faɗa miki ba. Tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, mu da muka baro Madani a Disambar shekarar mun ga yara a makarantun da aka sauke mu waɗanda ba su san komai ba sai sunan da ake kiransu a gida. In za ki taɓa wannan, ki taɓa da tsoron Allah, ciwon ɗanye ne.

Maganar hatsari da mantuwa, ni dai ban ba ki shawara ba. An yi ta har ta gundure, kuma yawanci ba daidai ake yin ta ba. Bugun kai galibi abin da ya faru dab da hatsarin yake cinyewa, wani lokaci ya hana mutum riƙe sabon abu, amma harshe da karatu da sana'ar hannu sukan zauna. Kuma bugu na biyu ba ya dawo da tunani, ƙara lalata ƙwaƙwalwa yake yi. Ban da haka, wanda ya manta ba shi da zaɓi, sai abin da aka yi da shi. Wanda ya sani yake ɓoyewa kuwa kullum safiya sai ya sake zaɓar ƙarya, ga yarinya tana kallonsa da zuciya ɗaya. Shi ya fi daɗin rubutu nesa ba kusa ba. In kuma kina son ya zama bai sani ba, ki mai da shi wanda aka ɗauko yana goye, ki ajiye mutum ɗaya a garin da ya sani ya yi shiru, ki ba shi dalilin shirun mai ƙarfi.

Don Allah kuma, in lokacin tonawa ya yi, kada ya zama ɗan sarki ko ɗan mai kuɗin Abuja. Mun gaji. Kamar muna cewa ne ɗan mai tallan agashe bai cancanci a so shi ba sai an binciko masa sarauta. Asalin da za ki bayyana ya kamata ya ci masa wani abu: ya rasa auren, ko ya gano mutumin da ya tsana shi ne ya cece shi, ko ya zama laifin da ya gudo dominsa da gaske shi ya aikata. Kuma ba dole ki zazzage komai ba. Ki amsa babbar tambaya, wato me ya koro shi, ki bar ƙarama ɗaya a rufe kamar awarwaron tsohon nan. Sharaɗi dai ke ki san na wace ce.

Babi taran da kika riga kika saki ba asara ba ne. Ki koma ki karanta da biro a hannu, duk inda kika ba shi wata alama, tabo ne, mafarki ne, abincin da ba ya ci ne, ki fitar a takarda. Tarihin da za ki ƙera masa dole ya biya kowace ɗaya, don masu karatunmu ba sa mantuwa, ni shaida ce. In kin gama ki turo min ta akwatin sirri, tare da sunansa huɗu na gaskiya da huɗun da yake bai wa mutanen Gadarif. Intanet ɗinmu sai dare yake kamawa, in kin ji shiru ki yi min uzuri zuwa asuba.