Ruwa bai kai ga gam ɗin ba ne: amsa kan cire takardar bango mai ƙyallin ƙarfe

'Yar'uwa, kin ce kin yi ta jiƙa takardar bangon ɗakinki mai ƙyallin azurfa, amma ta ƙi fita sai guntu-guntu. Ba yawan ruwa ne ya gaza ba, ruwan ne bai kai ga gam ɗin ba sam. Irin wannan takarda hawa biyu ce: a sama akwai siririn fallen alminiyom ko roba mai ƙyalli, a ƙasa kuma takarda zalla wadda gam ya riƙe. Zuba wa na saman ruwa daidai yake da zuba shi a kan leda.

Kafin ki taɓa komai, ki kashe wutar ɗakin daga babban akwatin lantarki, ba daga makunnin bango kawai ba. Wutar lantarki tana bi ta jikin fallen ƙarfe, kuma masu manna shi sukan cusa bakinsa ƙarƙashin murfin soket. Ga ruwa, ga ƙarfe, ga waya, ai ba a haɗa su. Ki liƙe soket ɗin da salatef, ki shimfiɗa leda a ƙasa.

Ni na fi so in fara a bushe. Ki nemi inda falle biyu suka haɗu, ki ɗaga kusurwa da bakin wuƙa, ki ja a hankali hannunki yana kusa da bango. In an yi sa'a, mai ƙyallin zai saɓule ya bar farar takarda mai laushi, wadda ke shan ruwa nan take. In ya ƙi, sai a buɗe wa ruwa hanya. Akwai wani ɗan abu mai ƙananan tayoyi masu haƙora da ake murzawa a bango yana huda takardar. In babu, sanfefa mai kaushi ma tana yi, ki goga har ƙyallin ya dushe. Kada ki danna da ƙarfi, in ba haka ba duk zanen da kika yi zai fito a jikin filasta, ki koma cikewa.

Daga nan ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ko rabi ruwa rabi khal. Ki jiƙa ɗan fili kaɗan, ki bar shi minti 10 zuwa 15, ki ƙara jiƙawa. A nan ne yawancin mutane ke kasa haƙuri. Za ki ga takardar ta yi duhu, ta fara kumbura a wuraren hujin, gam ɗin kuma ya koma yauƙi a yatsa. To sai ki sa faffaɗan ƙarfen kankara irin na masu fenti, a kwance, ki tura. In kina jin sai kin yi kokawa, bai jiƙu ba tukuna.

Injin tururi yana rage wahala sosai, amma shi ma sai an huda takardar. Ki dai duba irin bangonki: na siminti yana jure ruwa, na allon jifsam kuwa fuskarsa takarda ce, ya sha da yawa sai ta saɓule tare da wadda kike cirewa.

Kada ki yi mamaki in kin tarar da baƙi-baƙin fumfuna a baya, domin wannan takarda ba ta barin bango ya sha iska. Ki buɗe tagogi, ki sa takunkumi da safar hannu, ki wanke, sannan ki nemo inda damshin ke shigowa.

Sauran gam ɗin da ya rage, ki wanke shi da soso har tafin hannunki ya daina jin santsi a jiƙaƙƙen bango, don fenti a kan gam tsattsagewa yake yi. Ki ba bangon kwana ɗaya ko biyu ya bushe, ki cike ramuka, ki shafa fentin shimfiɗa irin na mai kafin na ado.