Faifan garmaho na punk: in sayi bugun farko ko sabon bugu?

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila, kuma kiɗan punk da alternative rock ya shiga raina. A wani shagon tsofaffin fayafayai na ga faifan London Calling na ƙungiyar mawaƙa ta The Clash, mai shago ya ce bugun farko ne, kuɗinsa ya ninka na sabon bugu. In saya? Idan na gama karatu, da fayafayaina zan dawo Kano.

Amsa: Ƙanena, in don saurare kake saye, lafiyar faifan ta fi shekarunsa muhimmanci. London Calling ya fito a Disambar 1979 daga kamfanin CBS, faifai biyu ne a kwali ɗaya, kuma an yi ta sake buga shi. Don haka kada ka tsaya a kan maganar mai shago. Zaro faifan, ka duba filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Akwai lambobi da aka zana a wurin, sai ka gwada su da waɗanda ke Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan fayafayai. A kwalin asali ba a rubuta sunan waƙar ƙarshe, Train in Vain, ba, domin a ƙurarren lokaci aka ƙara ta.

Abin da ya fi damuna da tsofaffin fayafayan punk shi ne hannun da suka bi. Samari ne suka saye su a 1977 da 1979, suka yi ta juya su da allurar da ta cinye. Karkata faifan a ƙarƙashin fitila. Tabon da farcenka ya ji, kunnenka ma zai ji shi. Akwai kuma cinyewar da ido ba ya saurin gani, inda layukan ke yin toka-toka. Roƙi mai shago ya sa maka waƙar da ta fi kusa da tsakiya, don can ne sauti ke fara dusashewa. In ya ƙi, bar masa kayansa. In ta intanet za ka saya, kada ka sauka ƙasa da darajar VG+ (Very Good Plus), wato makin da masu sayarwa ke ba faifan da ba shi da wata illa babba.

Fayafayan shekarun 1990 kuwa, irin su Nevermind na ƙungiyar Nirvana na 1991, sun fito lokacin da CD ya cinye kasuwa. Kaɗan aka buga a faifan garmaho, shi ya sa na asalin ke tsada, jabu kuma ya yi yawa. A nan sabon bugu nake ba ka shawara, ba tare da wata tantama ba. Rubutun "giram 180" a kwali nauyi kawai yake nufi, bai tabbatar da daɗin sauti ba.

Batun Kano: faifai roba ne, zafi na lanƙwasa shi. Na taɓa mance wani faifai a bayan mota cikin watan Afrilu, da la'asar na tarar ya zama kamar kasko, har yau ina jin zafinsa. Riƙo su a jakar hannu. A gida ka jera su a tsaye, nesa da taga, ka tanadi buroshi mai laushi saboda ƙurar hunturu.

Tambaya: Malam, yayana da ke Amurka zai aiko mini da ƙaramin garmaho mai kama da akwati. Ya isa?

Amsa: 'Yar'uwa, ki roƙe shi ya dakata. Allurar yawancin irin waɗannan tana danne faifai da nauyi sosai, alhali na kirki kusan giram 2 suke sauke masa. Sannan wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ya duba rubutun da ke jikin na'urar, in bai ga 230 da 50Hz ba, kada ya sayo. Na Ingila ya dace da wutarmu kai tsaye.