Wuƙar aljihu mai baƙon fasali: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wata wuƙa mai naɗewa a bidiyo, ba irin wadda aka saba gani ba. Ƙotarta ɓari ɗaya ce, idan an naɗe ta sai ruwan wuƙar ya kwanta a jikin ƙotar, gefe ɗaya a fili. Wani ɗan maɓalli ne a saman ƙotar, daidai inda babban yatsa ke zama, yake riƙe ta a buɗe. Ta burge ni, amma gabana yana faɗuwa. Za ta yi mini aikin yau da kullum, kamar yankan igiya da kwali, ba tare da ta ji mini ciwo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faɗuwar gaban nan taka tana kan hanya, sai dai baƙuncin fasalin ba shi ne abin tsoro ba. Duk sakatar wuƙa da ake yabo yau, wato abin da ke riƙe ruwan a buɗe, ta taɓa zama baƙuwa. Wuƙar Opinel ta Faransa ta shekara fiye da 60 ba ta da sakata kafin a sa mata zobe mai juyawa da ke kulle ruwan a 1955. Buck 110, wadda ta yaɗa sakatar baya, wato wadda ke bayan ƙota, a 1964 ta fito, sakatar cikin ƙota kuwa Michael Walker ne ya gyara ta zuwa yadda take yanzu wajen 1980. Ko ƙota mai ɓari ɗaya ma ba yau aka fara ba: kamfanin CRKT ya fitar da irinta mai suna K.I.S.S., ƙirar Ed Halligan, a ƙarshen shekarun 1990.

Abin da nake fara tambaya a kan kowace wuƙa mai naɗewa shi ne: ran da sakata ta saki, ina yatsun mai ita suke? Ba na cewa in ta saki, domin ƙarfe yana cinyewa, ƙurar aljihu tana taruwa a ramin sakata, hannu kuma yana jiƙewa da zufa. A nan ne wuƙar da ka kwatanta ta ba ni damuwa. Mutum idan zai yanka igiya mai kauri, ba ya sanin lokacin da yake danna babban yatsa a saman ƙota don ƙara ƙarfi. Idan maɓallin yana wurin, da hannunka za ka buɗe sakatar a daidai lokacin da ka fi danna wuƙar, ga sauran yatsu huɗu a kan hanyar da kaifi zai bi ya rufe. Masu ƙira da suka san aikinsu sukan nutsar da maɓallin cikin rami, ko su sa sai an ja shi baya maimakon dannawa, ko su ƙara ƙaramar sakata ta biyu. In babu ko ɗaya cikin ukun nan, aibin babba ne.

Sai maganar ɓari ɗaya. A wuƙar da aka saba, ruwa yana shigewa tsakanin ɓari biyu, kaifi da tsini duk a ɓoye. A wannan kuwa abin da ke kare ka shi ne mannewar kaifi da ƙota. Shi ya sa ake wasa irin wannan ruwa ta gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen a bar shi sumul ya kwanta lif. Tana sabuwa lafiya lau. Amma ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta ta gefe ɗaya take da madogara, kuma da ta ɗan saki, ruwan zai ɗaga daga jikin ƙota. Tazarar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta kama yatsa idan ka zura hannu aljihu neman makulli. Ga kuma washi: duk lokacin da ka wasa wuƙa ƙarfe yana raguwa, layin kaifi da tsini suna sauya wuri, kariyar da aka auna da sabon ruwa ba lallai ta rufe tsohon ba.

Washin gefe ɗaya yana da nasa hali a wurin aiki, yakan karkata yanka zuwa gefe, sai ka ga kwali ya ƙi miƙewa. Ƙota siririya kuma tana cin tafin hannu in aiki ya yi tsawo. Buɗe ambulan ko kwalin saƙo ba matsala, amma kada ka sa ran fiƙe itace da ita.

Kada ka yanke hukunci da bidiyo, domin mai talla ya buɗe ta ya rufe har hannunsa ya saba. Idan ta zo hannunka, sa safar hannu mai kauri, ka buɗe ta, ka kama ruwan ta baya ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Bai kamata ka ji girgiɗi ba, musamman na sama da ƙasa. Daga nan ka riƙe ƙotar da ƴan yatsu ta gefe, ba a kan hanyar kaifi ba, ka danna bayan ruwan a kan katako a hankali. Ba bugawa ba, dannawa. Sai ka damƙe ta kamar mai yanka da gaske, ka murɗa hannu, ka duba ko yatsanka yana taɓa maɓallin. Rufe ta, ka kaɗa ta da ƙarfi ka ga ko ruwan zai zazzago, sannan ka ja tsumma ta kan gefen da ke fili. In zare ya maƙale, fatarka ma za ta maƙale. Ka kuma lura da rufewa: in dole sai yatsa ya ratsa gaban kaifi kafin ta naɗe, ka san kullum da hankali za ka yi.

Ka duba dokar inda kake ma. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a yi yawo ba tare da hujja ba da wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, amma mai sakata ba ta shiga wannan sassauci. A Jamus an hana yawo da mai sakata da ake buɗewa da hannu ɗaya, sai da dalili karɓaɓɓe.

Ra'ayina, in maɓallin a fili yake kamar yadda ka ce, kada ka mai da ita wuƙar aljihunka. In sha'awa ce, saya ka ajiye a cikin kube ko ƴar jaka. Don igiya da kwali, nemi mai ɓari biyu da sakatar baya ko zobe, daga kamfanin da ke rubuta sunansa da nau'in ƙarfensa a jikin ruwa.