Na sa fanka uku a shago, ƙurar katako ta ƙi fita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin aikin kafinta a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin garin Katsina. Akwai injin tsaga katako, injin fera, da na guga mai sanfefa, kuma yara shida ke aiki a ƙarƙashina. Ƙura ta dame mu. Na fasa bango na sa babbar fanka mai fitar da iska, na ƙara fankar sama guda biyu, na sayo wa yaran takunkumi irin na lokacin korona, da yamma kuma ina saya musu madara ta wanke musu ƙirji. Duk da haka ɗayansu tari ya ƙi barinsa. Wani ya ce in sayi injin zuƙar ƙura. Zai yi amfani, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida. Allah Ya saka da alheri, domin ba kowane mai shago ke kula da ƙirjin yaransa ba. Injin zai yi amfani, amma da sharaɗi guda: bakinsa ya kasance daidai inda ƙurar ke tashi. In ka ajiye shi a lungu yana ta ƙugi, to ka ƙara wa janareta nauyi ne kawai.

Ga dalili. Kunna ashana ka miƙa hannu iya tsawonsa, ka hura, za ta mutu. Sake kunna wata ka gwada kashe ta da zuƙar iska daga nan inda kake. Ko za ka wuni ba za ta motsa ba. Iskar da aka hura tana tafiya a dunƙule ta yi nisa, amma wadda ake zuƙa daga kowane gefe take tahowa, shi ya sa ƙarfinta ke karyewa nan da nan. An auna wannan: in bakin bututu yana da faɗin inci 6, da ka ja baya da inci 6 kacal, saurin iskar ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake a bakin. In kuma ka ninka nisan, iskar da za ka buƙata don kama ƙura iri ɗaya za ta kai kusan ninki huɗu. To ina ga fankar da ke can jikin bango, taku goma daga injin guga? Kafin ƙura ta isa wurinta ta riga ta bi ta gaban hancin yaron da ke tsaye a kan aikin. Fankokin sama kuwa, ka yi haƙuri, ɓarnarsu ta fi gyaransu, domin wadda ta kwanta ma su ke tayar da ita.

Sannan ƙurar da kake gani ba ita ce babbar abokiyar gaba ba. Garin katakon da ke zuba a ƙasa da ɓawon da injin fera ke watsarwa suna da nauyi, hanci da maƙogwaro na tare mafi yawansu. Gashin kan mutum kaurinsa ya kai wajen maikiron 70 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Ƙurar da ke gangarawa cikin huhu ba ta kai maikiron 10 ba, ido ba ya ganinta a hasken shago, kuma takan daɗe tana shawagi bayan an kashe inji. Kana iya ganinta da kanka. Bayan magariba, da an gama guga, ka kashe fitilu, ka haska tocila mai ƙarfi ta ratsa wurin aikin, kai kuma ka tsaya ta gaba a ɗan karkace, ka kare idonka daga kan tocilar da tafin hannu. Za ka ga hazo yana murɗawa a cikin hasken, a wurin da ka rantse iska fes take. A Ingila doka ta ƙayyade miligiram 5 a kowace kubik mita ta iska ga katako mai taushi, miligiram 3 ga mai tauri, a aikin awa takwas. In shagonka mita 10 ne a tsawo, 6 a faɗi, 4 a tsayi, giram ɗaya da ɗan ɗoriya na wannan ƙura ya isa ya kai iskar shagon gaba ɗaya bakin iyakar da aka sa wa katako mai taushi.

Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na cikin hanci, kuma katako mai tauri ya fi laifi. Obeche da iroko, waɗanda ake kawo mana daga kudu, an san su da haddasa asma. Allon MDF da ya cika kasuwa yanzu garin katako ne da aka danne da gam, in an yanka shi ƙurarsa ta fi ta katakon gaske laushi.

Yanzu ga yadda ake haɗa abin. Fara da baki. Kowane inji a rufe shi iya yadda aiki zai yiwu, a bar wa ƙura hanya ɗaya. Injin tsaga yana jefa gari ƙasa da kuma gaba, saboda haka a yi masa akwati a ƙarƙashin tebur mai mafita zuwa bututu, a kuma sa ƙaramin baki a murfin da ke saman zarton. Ka lura da inda haƙorin zarto ke watsa gari, can za ka kafa bakin, garin ya faɗa da ƙarfinsa. Guga ita ce uwar ƙura a shagon kafinta. In da hali a yi tebur mai ƙananan huji a samansa wanda ke zuƙa ta ƙasa, injin hannu kuma a haɗa masa tiyo kai tsaye.

Bututu shi ne inda masu haɗawa suka fi yin kuskure, don suna ganin in ya yi faɗi ya fi. Garin katako yana son iska mai gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, in ta gaza haka sai ya kwanta a ciki ya toshe hanya. A bututu mai inci 4, wannan gudu yana nufin iska wajen kubik mita 570 a awa. A mai inci 6, wajen 1,270. Da wannan lissafi za ka tunkari mai sayarwa. Kada ya ruɗe ka da girman motar lantarkin da ke juya injin, ka tambaye shi iska nawa injin ke ja bayan an ɗaura masa bututu da matatar ƙura, wato filta, domin lambar da ke jikin kwali galibi ta inji ce tsirara. Bututun ya zama gajere, kwanarsa ta zama mai lanƙwasa a hankali, reshe ya shiga uwar bututu a karkace, tiyo mai zobba kuma a taƙaita shi don yana cin ƙarfin iska. Kowane reshe a yi masa ƙyauren ƙarfe da za a rufe in ba a aiki da injin.

Daga nan sai mai rarrabewa, wanda ake kira saikulon: gwangwani ne mai siffar mazurari, iska na shiga ta gefe tana juyawa, gari mai nauyi ya bugi bango ya gangara cikin duro. Ƙwararren mai walda a nan Katsina zai iya ƙera shi in an ba shi awo daidai. Abin kiyayewa shi ne murfin duron ya kama gam, domin ko ƙaramar kafa ce a ƙasa, iska za ta shigo ta nan ta kwashe garin ta yi sama da shi. Abin da ya taru kuwa kuɗi ne, masu kiwon kaji na neman ɓawon fera don shimfiɗa, sai dai kada a haɗa musu da na MDF. Saikulon ba ya kama ƙura mai laushin nan, dole a bi shi da matata. Injinan da ake sayarwa masu buhun yadi a sama, yawancinsu buhun na tare manya ne ya saki ƙanana, ka ga ke nan ya tattaro mai cutarwar ya feso ta a tsayin hanci. In irinsa ka samu, ka fitar da shi waje ƙarƙashin rumfa, mafitarsa ta kalli sama ta wuce rufi, nesa da tagar maƙwabta. Ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kada ka kafa mafita inda za ta dawo maka da ƙurar ta ƙofa.

Iskar da aka fitar sai an mayar da madadinta, saboda haka a bar taga a buɗe ta bayan masu aiki. Kada janareta ya kasance kusa da wannan taga, in ba haka ba hayaƙinsa za ka jawo ciki, shi kuwa kisansa ba ya jiran shekaru.

Akwai batun gobara. Ƙura mai laushi ta katako, ko ta gari, ko ta sukari, in ta cika iska a rufaffen wuri ta haɗu da tartsatsi, fashewa take yi. A watan Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta tarwatsa wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu. Don haka kada a wasa ƙarfe ko a yi walda kusa da bakin zuƙa. Bututun ƙarfe ya fi na roba, a kuma ɗaure shi da waya zuwa ƙasa yadda masu wayarin ke yi, musamman saboda bushewar hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja cikin duhu sai ka ga yana ƙyasta wuta.

Bayan an kafa, gwaji ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kunna turaren tsinke ka riƙe shi daidai inda sanfefa ke taɓa katako. In hayaƙin ya karkata ya shige baki, aiki na kyau. In ya miƙe sama abinsa, bakin ya yi nisa ko matata ta toshe. Ka kuma samu siririn tiyo mai haske, ka lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin allo, ka zuba ruwa mai launi, ka soka kai ɗaya a bututu kusa da baki. Ranar da komai ke sabo ka ja layi inda ruwan ya tsaya. Duk safiya yaro ya duba; in ruwan ya kauce daga layi, akwai abin da ya toshe ko ya yage.

Shara da busasshiyar tsintsiya a daina, a yayyafa ruwa tukuna. Kakkaɓe riga da iskar kwamfuresa, wadda na san yara na jin daɗinta, ita ce mafi muni a duk abin da ake yi a shago.

Takunkumin korona yana da kafa ta gefen kumatu, ƙura na bi ta nan. A nemi mai alamar N95 ko FFP2, FFP3 ya fi, kuma sai ya manne da fata yake aiki. Mai gemu ba zai samu wannan mannewa ba, mu kuwa masu gemu ne da yawa, wanda ƙarin dalili ne na kama ƙurar tun a inji. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ma abin da ta nema ke nan, a sa na'urar zuƙa kusa da inda ƙura ke fitowa iya yadda zai yiwu. Madara kuwa ka ci gaba da saya musu in kana da hali, abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuma tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Yaron nan mai tari kada a jira sai an haɗa inji. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada shi don tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ka kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, ya faɗa wa likita aikin da yake yi da irin katakon da yake gugewa. A tambaye shi ko tarin na lafawa in ya yi kwanaki bai zo shago ba, kamar hutun Sallah, ya kuma dawo in ya koma aiki, domin wannan ce alamar asmar da aiki ke jawowa. Kafin sakamako ya fito, ka ɗauke shi daga guga ka mayar da shi wajen haɗa kaya.