Kutsen kwamfuta a wasan kwaikwayo da yadda yake a zahiri

Malam, ka tambaya ko da gaske mutum zai iya buga madannai da sauri ya shige kwamfutar banki cikin minti biyu, kamar yadda ake nunawa a wasannin talabijin. Mafi yawan wannan ado ne kawai, musamman koren rubutun da ke zubowa a kan allo da jan akwatin da ke sanar da cewa an shiga.

A zahiri aikin na haƙuri ne, kuma sau da yawa mutum ake yaudara kafin a taɓa na'ura. Mai kutse yakan shafe makonni yana tattara bayanan ma'aikata, sannan ya aika wa ɗayansu saƙon imel mai kama da na ofis, yana jiran ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi. A watan Yulin 2020, ta wayar tarho aka yaudari wasu ma'aikatan Twitter har aka ƙwace shafukan Barack Obama da Elon Musk. Ita kuwa WannaCry, muguwar manhaja mai kulle bayanan kwamfuta, wadda ta durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, ta bi ta wata kafa ce a Windows wadda Microsoft ya fitar da gyaranta tun watan Maris, amma wurare da dama ba su sabunta ba.

Wasan da ya kusanci gaskiya shi ne wanda ya nuna wannan jiran da yaudarar. Abin da ke damuna da sauran shi ne, suna sa mai kallo ya ɗauka kutse siddabaru ne marar makari, har ya yi sakaci da sabunta na'urarsa.