Don Williams da Rayuwar Mawaƙi a Kan Hanya: Amsa ga Yaron Shagona

Abu biyu ka haɗa ka tambaye ni, ɗana. Ka ce me ya sa duk inda muka kafa kaya da muryar Don Williams, mawaƙin nan na Amurka, nake gwada sifika, ga waƙoƙin zamani masu dukan ƙirji birjik. Ka kuma ce ka ga bidiyonsa yana zaune a kan kujera da malafarsa, ba rawa ba tsalle, kana mamakin yadda mutum haka ya shafe fiye da shekara arba'in yana yawon wasa gari-gari, jama'a na sayen tikiti.

Bari mu fara da gwajin, tunda shi ne abincinmu. Waƙar da ta cika da ganga da bas, wato kaurin sauti, rufa wa kaya asiri take yi. Sifikar da ta fara tsagewa, wayar da ke shigo da ƙugi, duk sai su ɓuya a cikin hayaniya. Faifan wannan mutumin ba ya rufa wa kowa asiri. Muryarsa mai kauri ce, ƙasa-ƙasa, kayan kiɗan da ke bayanta ba su da yawa, kuma kowanne ya san inda zai tsaya. In ka sa shi ka ji kamar yana magana daga cikin tulu, to wajen 250 zuwa 400 Hz, ma'aunin kauri da sirantar sauti, ya yi yawa a miksa, sai ka rage. In kalmomin ba sa fita tar, ka duba tsakanin 2,000 da 4,000. In kuwa ka ji tsit ɗin da ke tsakanin baiti da baiti ya cika da zuuu, je ka bi wayoyinka ɗaya bayan ɗaya, ko ka duba janareta. Kayan da suka fitar da muryarsa daidai za su fitar da muryar mai wa'azi, da ta sanƙira, da ta uban amarya da zai karɓi makirfo yana rawar murya. Mafi yawan aikinmu ai magana ce, ba kiɗa ba.

Wannan sauƙin da kake ji ba haka kawai ya faɗo ba, ginawa aka yi. An haife shi a 1939 a Floydada, wani ƙaramin gari a jihar Teksas ta Amurka, ya tashi a Portland kusa da Corpus Christi a bakin teku. Mahaifiyarsa ce ta fara ɗora masa yatsu a kan jita. Ya yi soja, ya yi ƙananan ayyuka, sannan a 1964 shi da Lofton Kline da Susan Taylor suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers. Sun ɗan yi tashe, kamfanin Columbia ya ɗauke su, amma wajen 1970 ƙungiyar ta watse, ya koma Teksas yana sayar da kujeru da gadaje tare da surukinsa. Ka lura da wannan: mutum ya riga ya hau dandamali, an tafa masa, ya dawo yana cinikin katifa da shekara talatin da wani abu.

Da ya koma Nashville, cibiyar waƙar kantiri, wato waƙar karkarar Amurka, a jihar Tennessee, ba a matsayin mawaƙi ya shiga ba. A ƙarshen 1971 Jack Clement ya ɗauke shi marubucin waƙa a kamfaninsa. A can akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zauna a ofis su rubuta waƙa, a kai wa masu murya su zaɓa. Daga baya aka ga ai shi ya fi dacewa ya rera, faifansa na farko ya fito a 1973 yana da shekara 34. Allen Reynolds ne ya tsara sautin tare da shi, daga baya kuma Garth Fundis ya daɗe yana aikin. A lokacin da yawa a Nashville suna lafta wa waƙa goge iri-iri da 'yan amshi har mawaƙi ya nutse. Su kuma suka yi ta cirewa. Mai gangarsu, Kenny Malone, sau da yawa shafar fata yake yi, ba duka ba. Lloyd Green yana shigowa da jitarsa ta kwance a inda murya ta numfasa, da ta dawo ya janye. A 1974 ya samu waƙarsa ta farko da ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, kuma kafin ya gama ya tara 17.

Akwai wata dabara ta makaɗan Nashville da nake so ka sani, don za ta yi maka amfani ranar da za ka yi aiki da masu jita da fiyano. Ba sa rubuta sunayen kod, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare, lamba suke rubutawa: 1, 4, 5, haka. Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ne ya fara ta a ƙarshen shekarun 1950, Charlie McCoy ya faɗaɗa ta. Amfaninta a kan hanya yake fitowa. Mawaƙi ya kwana uku yana waƙa, murya ta dushe, ya ce a sauko masa da waƙar ƙasa kaɗan. Ba wanda zai sake rubuta komai, takarda ɗaya ce, lambobin suna nan.

To, hanyar kanta. Kai abin da ka gani shi ne awa ɗaya da rabi a ƙarƙashin fitilu. Sauran awoyin na titi ne. Yawanci bas takan tashi daga Nashville da tsakar dare. Cikinta akwai gadaje goma sha biyu a jikin bango, hawa uku-uku, kowanne da labule, tsawonsa daidai mutum, ba ya zaunuwa. Ana kwanciya ƙafa na kallon gaba, don in direba ya taka birki da ƙarfi ƙafa ce za ta daki katako, ba kai ba. Daga Nashville zuwa Dallas ya fi kilomita dubu, kusan Kano zuwa Legas ke nan, kuma wannan tafiyar dare ɗaya ce a wajensu. Dokar ƙasar ba ta yarda direban bas ya wuce awa goma yana tuƙi ba sai ya huta awa takwas, shi ya sa da an isa shi ake fara kaiwa otal. Irinmu kuwa a lokacin aiki ya fara. A sauke kaya da safe, a rataye sifiku, a ja wayoyi, bayan azahar a yi gwaji. Mutum biyu ne a kan sauti: ɗaya a tsakiyar zaure yana haɗa abin da jama'a za su ji, ɗaya a gefen dandamali yana haɗa abin da makaɗa za su ji a monita. Ana gama wasa a naɗe komai a cikin dare, gari na gaba na jira. Da bazara filayen baje kolin manoma suke bi, sararin Allah, iska na kwashe sauti. Da sanyi su koma zauruka.

Hanyar nan ta ci mutane, kuma manya. Hank Williams, wanda ba danginsa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, ya mutu a kujerar baya ta motarsa ranar 1 ga Janairu 1953 ana kai shi wasa a Canton ta jihar Ohio, yana da shekara 29, bayan giya da magungunan ciwon baya sun gama da shi. Patsy Cline ta mutu a ƙaramin jirgi a watan Maris 1963 tana dawowa daga wasa a Kansas City, tana da shekara 30. Jim Reeves, wanda iyayenmu suka sha ji a rediyo, shi da kansa yake tuƙa jirginsa lokacin da ya faɗi kusa da Nashville ranar 31 ga Yuli 1964. George Jones ya rayu, amma shaye-shaye ya sa ya yi ta saɓa alkawarin wasa har aka yi masa laƙabi da rashin zuwa. In ka duba za ka ga abin da ke kora su: gaggawar kai wa wasa na gaba, domin in ba a hau dandamali ba babu kuɗi.

Kuɗin kuma ba irin namu ba ne. Babu liƙi, ba wanda zai taso ya manna maka dala a goshi don ka ambaci kakansa. Mai shirya wasa yakan yi yarjejeniya a rubuce a kan tsayayyen kuɗi, ya ba da kafin alƙalami, sau da yawa rabi, sauran a daren wasa, wani lokaci da kaso daga kuɗin ƙofa in zaure ya cika. Daga ciki dillalin da ya samo wasan ya ɗauki la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin 100, manaja ya ɗauki wajen 15. Abin da ya rage shi zai biya makaɗa, da hayar bas, da mai, da otal, da kuɗin abincin kowa na kullum. Shi ya sa kake ganin teburin riguna da faifai a bakin ƙofa, wani daren shi ne ribar. Ko gidan Grand Ole Opry, shirin rediyon da ake yi a Nashville tun 1925, ya taɓa zame wa mawaƙa alaƙaƙai. A farkon shekarun 1960 sai ka bayyana sau 26 a shekara, ladan kaɗan ne, alhali daren Asabar shi ne daren da ya fi tsoka a waje. A ƙarshen 1964 an sallami mutum goma sha biyu saboda ba su cika adadin ba. Don Williams ya zama ɗan gidan a 1976.

Wanda ke samun kuɗi yana barci shi ne marubucin waƙa. Duk lokacin da rediyo ya sa ta, ƙungiyoyi irin su BMI da ASCAP suna karɓo masa haƙƙinsa. A kan kowane faifai da aka sayar ma akwai kason waƙa, ko da yake doka ta daskarar da shi a kan santi biyu tun 1909 har zuwa 1978. Ga misali daga cikin bas ɗin Don Williams. Mai jitarsa, Danny Flowers, ƙanƙara ta tsare su a otal a garin Tulsa, ya zauna ya rubuta Tulsa Time da kod biyu kacal. Ogansa ya rera ta a 1978 ta hau lamba ɗaya, mawaƙin Ingila Eric Clapton ma ya rera ta a shekarar. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar masu waƙar kantiri ta CMA ta zaɓi Don Williams gwarzon mawaƙa maza. Wani ogan da sai ya nemi a sa sunansa a kan waƙar kafin ya taɓa ta, ana yin haka a can kamar yadda ake yi a nan. Sunan Flowers kaɗai ke kanta.

A ganina abin da ya raba Don Williams da waɗanda hanya ta cinye shi ne ya tsara aikin daidai ƙarfinsa. Waƙar da ba ta bukatar ihu, ɗan shekara saba'in zai iya rera ta yadda ya rera ta yana ɗan arba'in. Wanda ya gina sunansa a kan ƙwala murya da tsalle, ranar da gwiwa da maƙogwaro suka gaza, kasuwarsa ta tashi. Shi kujera ya jawo ya zauna, ya kusanto da baki ga makirfo, ya bar makirfon ya yi aikinsa. Ka san in baki ya matso kusa kaurin murya ƙaruwa yake, to mai miksa sai ya yanke ƙasan 80 ko 100 Hz don kada ta yi nauyi, sannan ya danne kowa a ƙarƙashinta. Ba ya son shagulgulan Nashville, ba ya yawan hira da 'yan jarida, da ya sauka daga bas sai gonarsa. Matar da ya aura a 1960, Joy, ita ce dai har ƙarshen ransa. Wasu na cewa waƙoƙinsa duk kama ɗaya suke, kuma ban ce ƙarya suke ba gaba ɗaya. Akwai faifansa da in ka saurara a jere sai gyangyaɗi ya ɗauke ka. Amma wannan kama ɗayan ita mutane ke biya su ji.

Ita ce kuma ta fitar da shi daga Amurka. Ingila ta karɓe shi tun tsakiyar shekarun 1970. A nan Afirka kuwa, direbobin dogon zango da gidajen rediyo sun yi ta juya kaset ɗinsa, domin Turancinsa a hankali yake fita, ko mai ƙaramin Turanci yana tsintar kalmomin. A 1997 ya je Harare ta Zimbabuwe ya yi wasa, aka ɗauka a bidiyo. Ka nemo shi ka kalli jama'ar da ke rera waƙoƙin tare da shi, sannan ka saurari yadda mai sautin ya riƙe muryarsa a saman tasu ba tare da sifika ta yi kuka ba. Aikin ya fi wuya fiye da yadda ake gani, domin mawaƙi mai sanyin murya dole ka buɗe masa makirfo sosai, buɗaɗɗen makirfo kuma komai yake kwasa.

A 2006 ya yi zagayen bankwana, ya zauna a gida. A 2010 ya dawo, shekarar da aka sa shi a zauren karrama manyan kantiri na Nashville, ya ƙara fitar da faifai biyu a 2012 da 2014. A farkon 2016 tiyatar ƙugu ta sa aka dakatar da zagayen da aka riga aka tsara, a watan Maris ya ce ya ajiye. Ya mutu ranar 8 ga Satumba 2017 a Mobile ta jihar Alabama, yana da shekara 78, da ciwon huhu.

Dakatarwar nan ta 2016 ita ta fi shafarka. Mawaƙi in ya soke zagaye yana da haƙƙin tsofaffin waƙoƙinsa da zai ci. Makaɗa da masu sauti da direba kuwa, yawancinsu a kan kowane wasa ake biyansu, ranar da bas ba ta tashi ba babu ko sisi. Shi ya sa mai sauti a Nashville ba ya jingina da mawaƙi ɗaya, kuma shi ya sa nake tura ka ka taya wasu ogogi aiki ranar da ba mu da biki, ko da kana ganin korar ka nake yi. Ka riƙe lambobinsu. Ranar Asabar kai za ka zauna a kan monita, ni ina tsakiyar fili. Ka fara da makirfon mawaƙi shi kaɗai har ya ce ya ji kansa, sannan ka shigo da sauran ɗaya-ɗaya. Mai ganga zai yi ta ɗaga maka hannu a ƙara masa, ka gyaɗa masa kai, amma kada ka taɓa komai sai ka kalle ni.